Tarin Gidan Burodi: Ƙurar Fulawa da Ƙirjin 'Ya'yanmu

Kowace shekara, da an gama girbi an kai amfanin gona rumbu, samarinmu sukan ɗauki jaka su tafi cin rani. Waɗansu sukan yi dako, waɗansu leburancin gini, waɗansu kuwa sukan sami aiki a gidajen burodi a Jos, Kaduna, Bauchi, Zariya, Kano ko Yola. Iyaye sukan ji daɗi in ɗansu ya sami irin wannan aiki, gama akwai wurin kwana, akwai abin sawa a baki, ga kuma ɗan kuɗi a ƙarshen mako. Har wa yau waɗansu ƙungiyoyinmu suna shawarar gina tanderun burodi na kansu, domin yanzu da wuya ka sami kasuwar ƙauye da babu teburin mai shayi.

Sana'a ce mai kyau, mai amfani ga jama'a. Amma akwai wani ciwo da yake bin ta, wanda yawancinmu ba mu san sunansa ba. Yaro ya tafi lafiya lau, bayan shekara ɗaya ko biyu ya dawo da tari da sarƙewar numfashi. Ya yi mako biyu a gida ya warware, kowa ya ce ai ya warke. Ya koma bakin aiki, ciwo ya dawo. Likitoci suna kiran wannan ciwo asma ta masu yin burodi, ƙurar fulawa ce take kawo shi. In an gane shi da wuri, ana iya ceton ƙirjin yaron. In an bar shi ya daɗe, yakan zauna masa har tsufa, ko da ya bar aikin. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayaninsa dalla-dalla.

Tsohon ciwo ne

A shekara ta 1700 wani likita a ƙasar Italiya, mai suna Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan da sana'o'i suke jawo wa masu yinsu. Yakan bi ma'aikata har wuraren aikinsu domin ya ga abin da suke taɓawa da abin da suke shaƙa. Cikin waɗanda ya yi magana a kansu akwai masu yin burodi, da masu niƙa, da masu tankaɗe da awon hatsi. Ya lura suna fama da tari, da dushewar murya, da wahalar numfashi, ya ce garin da yake tashi cikin iska ne sanadi. Ya kuma shawarci likitoci su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka saba yi wa majiyyaci, watau su tambaye shi irin aikin da yake yi.

Yau fiye da shekara 300 ke nan, ciwon yana nan. A Ingila, tun 1982 doka ta sa asmar da ƙurar fulawa da ta hatsi suke kawowa cikin cututtukan aiki da ake biyan diyyarsu, har yanzu kuwa fulawa tana cikin manyan abubuwan da suke jawo asmar wurin aiki a can. A Afirka ta Kudu an duba ma'aikata 517 a gidajen burodi 31 na manyan kantuna, aka ba da sakamakon a 2009. An tarar 13 cikin kowane 100 suna da alamun asma wadda aikin ya jawo, watau kusan mutum ɗaya cikin takwas. Mu yi tunani: gidan burodin da yake da ma'aikata goma sha shida, zai yiwu biyu daga cikinsu suna ɗauke da ita.

Asma ba ƙaramin ciwo ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 262 suke da ita, ta kuma kashe 455,000, yawancinsu a ƙasashe marasa ƙarfi inda ba a gane ciwon da wuri, magani kuma ba ya isa. Masana sun ƙiyasta cewa cikin manya shida masu asma, kimanin ɗaya aikinsa ne sanadi.

Me yake faruwa a cikin ƙirji?

Hanyar da iska take bi ta shiga huhu tana kama da itace da aka juya kansa ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin. Daga nan ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa, har su zama 'yan ƙananan bututu masu siranta ƙwarai. Ta cikinsu iska take shiga tana fita dare da rana.

Jikinmu yana da masu tsaro waɗanda aikinsu shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ga waɗansu mutane, in sun daɗe suna shaƙar ƙurar fulawa, masu tsaron nan sukan ruɗe, su ɗauki fulawa a matsayin abokiyar gaba. Kamar karen gida ne da ya koyi yi wa ɗan gida haushi. Daga ranar da ya koya, duk sa'ad da ya ji ƙanshinsa sai ya tasam masa. Haka jiki yake yi. Da ƙurar ta shiga, sai abu uku su faru: bangon bututun ya kumbura daga ciki, naman da yake kewaye da su ya matse, majina mai yauƙi kuma ta cika su. Hanya ta ƙuntata, iska ta riƙa fita da ƙyar tana fito kamar sarewa.

Abu biyu ne ya kamata mu riƙe a nan. Na fari, ciwon ba ya zuwa ranar da aka fara aiki. Yakan ɗauki watanni ko shekaru kafin jiki ya koyi wannan gaba. Shi ya sa yaro yakan ce, ai na yi shekara uku ina aikin nan ba abin da ya same ni, don haka ba fulawa ba ce. Na biyu, in jiki ya riga ya koya, ƙura 'yar kaɗan ma ta isa ta ta da ciwon, ko da wadda ba ta dami sauran abokan aikinsa ba. Wanda a gidansu akwai masu asma, ko yawan atishawa, ko ƙaiƙayin fata tun yarinta, ya fi saurin kamuwa. Duk da haka mai ƙarfi wanda bai taɓa ciwon ƙirji ba shi ma yana iya kamuwa.

Me yake cikin ƙurar?

Babban abin da jiki yake gaba da shi shi ne furotin na cikin alkama kanta. Ban da shi akwai garin gyaran kwaɓi da masu burodi suke ƙarawa domin burodi ya tashi ya yi laushi. A cikinsa sau da yawa akwai wani sinadari mai suna alfa-amilas, wanda ake samowa daga wata irin funfuna. A 1986 likitoci a Jamus suka nuna cewa shi ma yana jawo asma ga masu yin burodi. Ko da yake kaɗan ake zubawa, mai auna shi da hannu yana shaƙarsa kullum. Sa'an nan akwai abin da yake taruwa a ɗakin ajiya: funfuna in wurin yana da laima, da ƙananan ƙwarin gari waɗanda ido ba ya gani sosai, da kashin kyankyaso. Hayaƙin itacen tanderu kuma yana ƙara fusata ƙirjin da ya riga ya kumbura.

Wace irin ƙura ce ta yi yawa? A Ingila, tun 2001, doka ta ce kada ƙurar fulawa ta wuce miligiram 10 cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, da faɗi, da zurfi, in an auna a tsawon awa takwas na aiki. Wannan akwati daidai yake da duro biyar na lita 200. Miligiram 10 kuwa bai kai rabin nauyin ƙwayar dawa ɗaya ba. Likitoci da yawa suna ganin wannan ma ya yi yawa, har ƙungiyar masanan lafiyar wuraren aiki ta Amurka ta ba da shawarar rabin miligiram kawai. To, ku kwatanta da ɗakin da ake zazzage buhu mai kilo 50 daga kafaɗa, har gashin ido da na hancin ma'aikaci su yi fari. Ƙurar da muke gani tana sauka ƙasa da sauri. Wadda ta fi laushi takan daɗe tana yawo cikin iska, ita ce kuwa take shiga can ciki.

Yadda za mu gane shi

Sau da yawa hanci da ido ne suke fara ba da labari kafin ƙirji. Yaro ya riƙa atishawa a wurin aiki, hanci yana yoyo ko ya toshe, ido yana ƙaiƙayi yana ja. Sai a ce mura ce. Amma murar da ta wuce wata ba ta tafi ba, ba zazzaɓi, kuma takan lafa ranar da ba a je aiki ba, gargaɗi ce. A wannan lokaci ne ya fi sauƙin tare ciwon.

Bayan haka sai alamun ƙirji su biyo: tari mai naci, musamman da dare ko da asuba; fito cikin numfashi; jin kamar an ɗaure ƙirji da igiya; haki bayan ɗan aikin da a dā bai zama komai ba. Ga waɗansu, abin yakan taso nan take suna cikin ƙurar. Ga waɗansu kuwa sai bayan awoyi, sa'ad da an tashi aiki an kwanta. Wannan jinkiri ne yake ruɗar mutane, su ɗora laifi a kan sanyi, ko hazon hunturu, ko wankan ruwan sanyi bayan zafin tanderu, wani lokaci ma a ce jifa ce ko sammu.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi kowace amfani, kowane uba da kowace uwa kuwa suna iya yin ta. In ɗanka ya zo gida hutu, kada gaisuwa ta tsaya a kan yaya birni. Ka zaunar da shi ka ce, "Ɗana, tarin nan naka yana sauƙi in ka zo gida?" In ya ce, "I, Baba, a nan nakan yi barci har safe, amma da na koma, kwana biyu sai ya taso," to, kada ku jira. Ku tafi asibiti tare.

A asibiti kada a tsaya ga cewa ina tari. A faɗa wa likita ko malamin asibiti irin aikin, da shekarun da aka yi ana yinsa, da yadda ciwon yake lafawa a lokacin hutu. Akwai wani ɗan bututun awon numfashi da ake hurawa da ƙarfi, ya nuna lamba. In an same shi, ma'aikaci zai riƙa hurawa aƙalla sau huɗu a rana yana rubuta lambar, har kimanin mako uku ko huɗu, a haɗa da kwanakin aiki da na hutu. In lambar tana sauka a kwanakin aiki tana hawa a na hutu, shaida ta samu. In babu bututun, littafin rubutu ma ya yi: kowace rana a rubuta ko an je aiki, da irin tarin da aka yi, da ko ya hana barci.

Kada mu haɗa shi da tarin fuka

Mutanenmu sukan kira kowane ciwon ƙirji fuka, amma asma dabam, tarin fuka dabam. Tarin fuka ƙwayar cuta ce take kawo shi, yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, yakan zo da rama, da zufar dare, da zazzaɓi, wani lokaci da jini cikin kaki. Ba ya lafawa don an yi hutu. Asma kuwa ba a ɗaukarta. Ba dalilin da zai sa a ware wa mai ita ƙwarya, ko a hana shi aure, ko a ƙi sayen burodin da ya yi. Duk da haka, kowane tarin da ya kai mako biyu ya kamata a gwada kakin mai shi, gama ma'aikatan da suke kwana a cunkushe cikin ɗaki ɗaya suna iya kamuwa da tarin fuka su ma. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Magani

Maganin asma mafi kyau shi ne na shaƙa, wanda ake kira inhela. Iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanya nan take sa'ad da numfashi ya sarƙe, kamar salbutamol, wanda yawanci shuɗi ne. Akwai kuma mai kwantar da kumburin ciki, kamar beklometason, wanda ake shaƙa kullum ko da ana jin lafiya. Mutane da yawa sukan riƙe na farin kaɗai domin shi ne suke jin aikinsa nan da nan. Tun 2019 masanan asma na duniya suka daina ba da shawarar dogara ga shi kaɗai, gama yana buɗe hanya ne ya bar kumburin yana ci. Waɗansu kuma suna tsoron inhela, wai in an fara ba a dainawa. Ba ya kama jiki kamar taba. Ciwon ne yake sa a ci gaba da bukatarsa.

Mu yi hankali da ƙwayoyin da ake saya a kemis ba da izinin likita ba, irin su firednisolon da deksametason. Suna kawo sauƙi da sauri, amma shan su wata da watanni yakan kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi. Asfirin da ibufurofen kuma sukan ta da asma ga waɗansu. Mai asma ya rabu da taba sam.

Ga alamun hatsari: mutum ya kasa gama magana ɗaya sai ya tsaya ya ja numfashi, cikin leɓe ko harshe ya sake launi ya yi toka-toka, ya galabaita ko ya fara ruɗewa, ko inhela ta daina yi masa aiki. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi. A ba shi shuɗiyar inhela fesa ɗaya-ɗaya, da ɗan jinkiri tsakani, har zuwa goma, a kuma nemi abin hawa zuwa asibiti nan take. Kada a jira gari ya waye.

Amma ga gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Magani yana sauƙaƙa ciwon, ba ya cire gabar da jiki ya koya. Muddin mutum yana cikin ƙurar, ciwon yakan ci gaba. Ko cikin waɗanda suka rabu da ƙurar gaba ɗaya, bincike ya nuna kimanin ɗaya cikin uku ne suke warkewa sarai. Sauran sukan sami sauƙi, amma su zauna da ragowar ciwon. Waɗanda suka fi samun warkewa su ne waɗanda aka gane nasu da wuri aka raba su da ƙurar da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rage ƙura ba ya bukatar kuɗi mai yawa

Rigakafi ya fi magani. Yawancin ƙurar gidan burodi tana tashi ne a lokuta huɗu: wajen zazzage buhu, wajen fara kwaɓi, wajen barbaɗa gari a tebur, da wajen shara. Ga abin da za a yi:

1. A kai bakin buhu can cikin kwano ko cikin injin kwaɓi kafin a zuba, a zuba a hankali. Kada a zazzage daga sama.

2. Kada a kakkaɓe buhun da ya ƙare. A naɗe shi a hankali, bakinsa yana duban ƙasa, nesa da fuska.

3. A yi wa injin kwaɓi murfi. A fara juya shi a hankali har gari ya jiƙe, sa'an nan a ƙara gudu. A Afirka ta Kudu an gwada murfi tare da koya wa ma'aikata aiki cikin natsuwa, rahoton 2014 kuwa ya nuna ƙura ta ragu ƙwarai.

4. Kada a watsa gari a tebur da hannu kamar mai yafa iri. A shafa ɗan mai a teburin, ko a barbaɗa da gwangwani mai ƙananan huji, kusa da tebur.

5. Garin gyaran kwaɓi a auna shi da cokali, a dama shi da ruwa kafin a zuba.

6. Kada a share busasshen gari da tsintsiya. A yayyafa ruwa, a kwashe da shebur, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Garin da ya zube a kwashe shi nan da nan kafin a tattake.

7. A buɗe tagogi a bango biyu masu duban juna. Kada a sa fanka tana hura teburin gari. Tanderu ya kasance da bututun hayaƙi mai fita waje.

8. Kada kowa ya kwana a ɗakin ajiyar fulawa ko a kan buhuna. Mai yin haka yana shaƙa awa ashirin da huɗu, ƙirjinsa ba ya samun hutu.

9. Kayan aiki su tsaya a wurin aiki. A jiƙa su kafin a wanke, kada a kakkaɓe, kada kuma a kai su ɗakin da yara suke kwana.

Takunkumin hanci fa? Ƙyalle ko hankici da ake ɗaurawa ba ya tare ƙura mai laushi sosai. Wanda yake aiki shi ne irin mai lamba N95 ko FFP2, in ya zauna daram a fuska. Yana da amfani lokacin zazzage buhu da shara. Amma da wuya mutum ya jure shi dukan dare a gaban tanderu, don haka shi ne na ƙarshe cikin dabaru. Hana ƙurar tashi shi ne na fari.

Abin da yake sa yara su ɓoye

Za mu tambaya, in yaro ya ga aikin yana cutarsa, me zai hana ya faɗa? Tsoro ne. Ya san akwai goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Ya san a gida ana sauraron kuɗin taki, da na makarantar ƙannensa, watakila da na aurensa. Sai ya sayi ƙwaya ya haɗiye, ya ɓoye tarinsa daga maigida, ya ci gaba har ƙirji ya lalace. Wani lokaci mu iyaye ne muke ƙara masa nauyi, in muka ce masa rago don ya dawo gida hannu wofi.

Shi ma maigidan burodi yana da riba in ya saurara. Garin da yake tashi cikin iska kuɗinsa ne yake tashi. Gwanin ma'aikacin da ciwo ya kora kuwa, sai an yi watanni kafin a koya wa wani. In ciwon bai yi nisa ba, ana iya mai da yaro wani sashe nesa da gari, kamar kai burodi kasuwa ko tsaron kanti, likita yana duba shi. In duk da haka bai lafa ba, barin gidan gaba ɗaya shi ne mafita.

Doka ma tana da abin faɗa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa asmar wurin aiki cikin jerin cututtukan sana'a. A Nijeriya akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa. Masu ɗaukar ma'aikata suna biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi a asusun, domin a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aikinsa. Ya kamata ma'aikaci ya tambaya ko an yi wa gidansu rajista, ya kuma adana kowace takardar asibiti.

Mu ma abin ya shafe mu

Kada mu ce wannan maganar 'yan birni ce. Mai injin niƙan ƙungiyarmu yana wuni cikin garin dawa, da masara, da gero, sau da yawa a ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya. Masu noman alkama da rani a wurare irin su Kadawa da Haɗeja suna shan ƙura wajen sussuka da shiƙa. Matan da suke yin gurasa, da fanke, da cincin, da taliya don sayarwa suna tankaɗe fulawa kowace rana. Ƙurar hatsi ma tana jawo asma, hatsin da ya yi funfuna kuwa ya fi muni. Tambayar ɗaya ce ga dukansu: kana samun sauƙi ranar da ba ka yi aikin ba? Dabarun ma ɗaya ne. A yi tankaɗe a waje ko bakin taga, rariya tana kusa da kwano. Mai shiƙa ya ba iska baya. Ɗakin injin niƙa ya sami tagogi, a ɗaura buhu ko ƙyalle a bakin da gari yake fitowa domin ya sauka cikin kwano ba tare da ya bazu ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro shi kaɗai ba zai iya tunkarar maigidansa ba, iyali ɗaya kuma ba za su iya ɗaukar asarar albashi ba. Ƙungiya tana iya. Sakatare ya rubuta sunayen 'ya'yan membobi da suke aiki a gidan burodi ko wurin niƙa. Sa'ad da suka zo hutu, a gayyaci malamin asibiti ya zauna da su. A sayi bututun awon numfashi ɗaya ko biyu a ajiye a ɗakin shan magani. A keɓe wani abu cikin asusun rance domin wanda dole ya sake sana'a, ya sami jarin kiwon awaki, ko noman lambu, ko 'yar tireda. A lura, kada a tura shi injin niƙa ko ɗakin kaji mai ƙura, gama an gudu ne ba a tsira ba. In kuwa ƙungiya za ta gina gidan burodi, tun ran gini tun ran zane: a sa tagogi, da bututun hayaƙi, da ɗakin ajiya dabam, da wurin kwana dabam cikin lissafin farko. Dattawan da suke da 'yan'uwa masu gidan burodi a birni su kai musu wannan takarda, su karanta tare.

Domin tattaunawa a taronku na wannan wata

1. Mutum nawa daga ƙauyenmu suke aiki a gidan burodi ko wurin niƙa? Wa ya taɓa tambayarsu lafiyar ƙirjinsu?

2. Ɗakin injin niƙanmu yana da taga nawa? Me za mu gyara kafin kaka mai zuwa, nawa ne kuma kuɗinsa?

3. In ɗan wani memba ya bar aiki saboda asma, da me za mu tallafa masa a wata uku na fari?

4. Ina ne asibiti mafi kusa da ake samun inhela iri biyun nan, wa kuma za mu aika ya tambayo?